A BA MAI ƘAFA HAƘƘINSA A TITUNAN KASUWA

Babu wani wuri da talakan Arewa mazaunin Kurmi yake shafe yininsa kamar bakin titi. A nan ɗan ga-ruwa yake tura kurarsa, a nan ɗan dako yake ratsawa da buhun albasa a ka, a nan mai shayi yake kafa teburinsa, mai gyaran takalma yana yawo da akwatinsa, mai yankan farce yana kaɗa almakashi, ɗan acaɓa kuwa rayuwarsa kacokan a kan kwalta take. Daga Agege da Idi-Araba da kasuwar Mile 12 a Ikko, zuwa Sabo da Sasa a Badun, har zuwa Ama Hausa a Owerri, titi shi ne shago, shi ne kuma gonar da ake noman abin aikawa gida. Saboda haka duk shawarar da hukuma za ta yanke game da yadda za a gina titi, da wanda zai bi ta kansa, da irin gudun da za a yi a kansa, shawara ce da ta shafi tuwon dubban gidaje a Kano da Katsina da Sakkwato da Barno, ko da ba a ambaci sunan kowa a cikinta ba.

Dalilin tayar da wannan magana shi ne wata dabarar gina titi da ta daɗe tana jawo gardama tsakanin injiniyoyi a ƙasashen Turai, wadda za a iya kira da Hausa titin gamayya. Ma'anarta a taƙaice ita ce a gina titi yadda mai mota da mai keke da mai tafiya a ƙasa za su yi tarayya a fili guda, a rage allunan hanya da fitilun danja da shingayen ƙarfe, sa'an nan a tilasta wa mota ta sassauta gudu har ta zama baƙuwa a cikin jama'a. Ra'ayin wannan shafi shi ne, titunan kasuwanni da na unguwannin talakawa a biranen Kudu suna matuƙar bukatar wannan dabara, amma da sharaɗi. A ɗauko ƙwayar, watau rage gudu da fifita mai rauni a kan mai ƙarfi, a bar ɓawon, watau share kome da kome daga titi a ce wai kowa ya ji da kansa.

ASALIN DABARAR

Ƙasar Holan ce mahaifar wannan tunani, kuma baƙin ciki ne ya haife shi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu motoci suka yawaita a ƙasar, aka yi ta rushe gidaje ana faɗaɗa hanyoyi domin su samu wurin gudu. A shekarar 1971 mutane kimanin 3,300 suka mutu a haɗarin hanya, fiye da 400 daga cikinsu yara ne. Iyaye suka fito da ƙungiya mai kira a daina kisan yara, suna zama a kan kwalta suna tare motoci. A garin Delft kuwa tun ƙarshen shekarun 1960 an fara mai da titunan ƙofar gida su zama kamar tsakar gida: a shimfiɗa bulo maimakon kwalta, a dasa itatuwa, a ajiye bencina, a karkata hanyar yadda ba za ta miƙe sak ba. Suka sa wa irin wannan titi suna woonerf, watau farfajiyar zama. A 1976 gwamnatin ƙasar ta shigar da shi cikin doka, ta ce a irin wannan titi mai ƙafa yana da ikon bin ko'ina, yara suna da ikon wasa, mota kuwa ba za ta wuce saurin tafiyar ƙafa ba.

Wanda ya fitar da dabarar daga lungunan unguwa ya kai ta manyan mararrabai shi ne wani injiniya mai suna Hans Monderman, wanda ya yi aikin kiyaye haɗurra a lardin Friesland na arewacin ƙasar, ya kuma rasu a 2008. A shekarun 1980 aka ba shi aikin rage gudun motoci a ƙauyen Oudehaske. Maimakon ya ƙara alluna da shingaye, sai ya sake fasalin hanyar ta koma kama da titin cikin ƙauye, direbobi kuwa suka rage gudu da kansu. Daga baya a garin Drachten aka tumɓuke fitilun danja na wata mararraba da motoci fiye da 20,000 suke ratsawa kowace rana, aka mai da ita shataletale mai fili da maɓuɓɓugan ruwa, aikin da aka kammala a 2003. Haɗari ya ragu, jiran layi ma ya ragu. An sha ba da labarin yadda Monderman yakan kai 'yan jarida irin waɗannan wurare, ya juya baya ya shiga tsakiyar motoci yana tafiya da baya, motocin kuwa su sassauta su kewaye shi.

Hujjarsa mai sauƙi ce. Direban da ya ga koriyar fitila da farin zane a gabansa yakan ɗauka hanya tasa ce shi kaɗai, ya daina duban mutane ya koma duban fitila. Idan aka ɗauke masa wannan tabbaci, tilas ya ɗaga kai ya dubi fuskar wanda ke gabansa, su yi magana da ido ko da hannu, ɗaya ya ba ɗaya hanya. Wasu ƙasashe sun karɓi tunanin amma suka ɗaure shi da doka. Suwizalan a 2002, da Faransa a 2008, sun ƙirƙiro yankunan haɗuwa inda ba a wuce kilomita 20 a awa, kuma mai ƙafa ne ke da fifiko a kan motoci. A Landan an buɗe titin Exhibition Road a sabon fasalinsa a 2012, an shafe dakalin da ya raba masu ƙafa da motoci, aka shimfiɗa dutse bai ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan.

GUDU SHI NE MAKASHI

Lalle ne a fahimci cewa duk sirrin wannan dabara yana cikin gudu. Motar da ke tafiyar kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a sakan guda, mai tafiyar kilomita 20 kuwa ba ta kai mita 6 ba. Kafin direba ya ga yaro ya fito daga bayan rumfa, ya ɗaga ƙafa ya taka birki, sakan guda ko fiye ya wuce, kuma a cikin wannan ɗan lokaci ne ake rabuwa tsakanin tsorata da jana'iza. Daɗin daɗawa, idan aka ninka gudun mota sau biyu, ƙarfin bugunta yakan ninka sau huɗu, tazarar da take bukata kafin birki ya tsai da ita ma haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a rahotonta na 2023 cewa mutane kimanin miliyan 1.19 suke mutuwa a hanya kowace shekara, kuma fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. A taron ministoci da aka yi a Stockholm a 2020 an yi kira ga ƙasashe su tsai da gudu a kilomita 30 a awa duk inda motoci da mutane suke cuɗanya.

Amma allo shi kaɗai ba ya rage gudu. Titi mai faɗi, miƙaƙƙe, mai santsi, kiran direba yake ya taka totur, ko da an kafa masa alluna goma. Titi matsattse mai bulo, mai 'yan kwane-kwane da itatuwa da mutane zaune a gefe, shi ke sa ƙafar direba ta ja da baya ba tare da ɗan sanda ya tsaya masa ba. Mazauna unguwanni a Ikko da Badun sun gane haka tun tuni, shi ya sa suke jibga tsofaffin tayoyi da kututture da tudun siminti a ƙofar gidajensu. Abin da suke yi da hannunsu cikin fushi, shi ne aikin da ya kamata injiniyan hukuma ya yi cikin tsari tun ranar da aka zana titin.

"AI DAMA A CAKUƊE AKE"

Wani zai yi dariya ya ce, in dai cakuɗuwa ce ai Idumota da Balogun sun riga Holan. Ga danfo, ga Keke Marwa, ga baro, ga tirelar tumatir, ga mai tallan burodi, duk a kan tsiri guda, babu fitila babu zane, me kuma za a koyo daga Turawa? Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ta bar babban abu a baya. Cakuɗuwar da ake gani a waɗannan wurare mulkin mai ƙarfi ne. Tirela ta matse danfo, danfo ya matse babur, babur ya matse mai baro, mai baro ya ture tsohuwa, tsohuwa ta faɗa lambatu. Da zarar cunkoso ya ɗan sassauta, direban da ya yi awa guda yana huci sai ya rama ɓacin ransa a kan totur, a daidai wurin da yara suke ratsawa.

A titin gamayya na gaskiya wannan jeri a juye yake. Doka ta faɗa a fili cewa mai ƙafa ke gaba, sai mai keke, sai mai inji. Jikin titin kansa ya hana gudu dare da rana, ko da cunkoso ko babu. Kuma an yi wa kowa wurinsa tun a kan takarda: inda mota za ta sauke kaya, inda mai tebur zai kafa, inda mai kura zai tsaya ya huta. Watau abin da ke akwai a kasuwannin Kudu rabin dabarar ne, kuma rabin da ya ɓace shi ne mai ceton rai.

Wannan tsari ba baƙo ba ne ga tarbiyyar da aka tashi da ita a Arewa. Malamai suna karantar da cewa hanya tana da haƙƙi a kan mai zama a bakinta, cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ce, kuma wanda ke bisa abin hawa shi ke fara yi wa mai tafiya a ƙasa sallama. Hikimar da ke ciki a bayyane take: wanda Allah Ya ɗaukaka bisa dabba ko mota shi aka ɗora wa nauyin sunkuyowa. Injiniyoyin Holan sun isa ga wannan ladabi ta hanyar ƙidayar gawawwaki, suka gina shi da bulo.

SHEKARU HAMSIN ANA KORAR MAI ƘAFA

Tarihin titunan Ikko tun daga zamanin arzikin man fetur tarihi ne na yi wa mota hidima. Bayan an biya ma'aikata kuɗin Udoji a 1975 motoci da babura suka cika gari, har a 1977 aka kafa dokar lambobi, mai lamba mara ya fito yau, mai cika ya fito gobe, masu hali kuwa suka sayi mota ta biyu suka huta. An gina Gadar Eko, an buɗe babbar hanyar Ikko zuwa Badun a 1978, an kammala Gada ta Uku a 1990, jirgin ƙasan cikin gari da Gwamna Lateef Jakande ya fara kuwa aka soke shi a 1985. Duk waɗannan hanyoyi suna da amfaninsu, babu mai musu. Amma a tsawon wannan lokaci mai tafiya a ƙasa, wanda shi ne mafi yawa a kowace unguwa, abin da aka bar masa shi ne bakin lambatu.

Da abin ya cushe, sai aka koma korar mutane. Dokar hanya ta 2012 ta hana 'yan acaɓa bin tituna 475 na jihar. A 2016 wani mai talla da ke gudun jami'an tsabtace gari ya faɗa gaban babbar mota a Maryland ya mutu, jama'a suka fusata suka farfasa motocin safa na gwamnati, amsar da ta biyo baya kuwa ita ce tsananta dokar hana talla a titi. A watan Yuni na 2022 aka hana acaɓa ɗungurungum a ƙananan hukumomi shida, a watan Satumba aka ƙara huɗu, aka yi ta murƙushe baburan da aka kama. Gwamnati tana da hujjojinta na tsaro da na yawan haɗari, kuma duk mai adalci ya san wasu 'yan acaɓa sun ba da ƙofa. Sai dai tambaya tana nan: idan an kori mai babur, an kori mai talla, an kori mai kura, shin yaron makaranta ya samu inda zai taka? Kora tana rage masu neman abinci a titi, amma titin yana nan yadda yake, da faɗinsa da gudunsa da buɗaɗɗen lambatunsa.

Akwai kuma abin da ya fi karaya da rauni muni, wanda kowane ɗan Arewa a Kurmi ya sani. Rikicin Mile 12 na watan Maris 2016, wanda ya ci rayuka ya sa aka rufe kasuwar, rahotanni sun danganta farkonsa da haɗarin wani ɗan acaɓa. Rikicin kasuwar Sasa ta Badun a watan Fabrairu 2021 ya faro ne daga cacar baki kan kayan tumatir da suka zube a gaban wani shago, kafin a ankara an ƙone rumfuna da gidaje, iyalai da yawa sun kwashe nasu-ya-nasu sun nufi Arewa. Ba shakka akwai tsofaffin ƙulle-ƙulle a ƙarƙashin waɗannan fitinu, amma ashanar da ta kunna su gogayya ce a kan 'yar matsattsiyar hanya. Inda babu tsarin da ya faɗi wanda zai wuce da wanda zai jira, kowane karo yakan koma tambayar wane yare ne ya buge wane. Gyaran titin kasuwa, ashe, yana cikin aikin zaman lafiya, kuma zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

KUKAN MAKAFI

Bai kamata a ɓoye aibin dabarar ba, domin kuwa tana da shi. Tsarin da ya dogara ga haɗa ido tsakanin direba da mai ratsawa, ina ya bar wanda ba shi da ido? A Ingila ƙungiyoyin makafi sun yi ta kuka cewa sandar makaho da karen jagora duk da gaɓar dakali suke gane inda titi ya fara, idan aka shafe ta kuwa an bar su a tsakiyar motoci ba su sani ba. Lord Chris Holmes, ɗan majalisa wanda shi kansa makaho ne kuma tsohon zakaran ninƙaya, ya fitar da rahoto a 2015 yana sukar waɗannan tituna da kakkausar murya. A 2018 Ma'aikatar Sufuri ta ƙasar ta nemi majalisun garuruwa su dakata da sababbin ayyukan da ke shafe dakali a wurare masu yawan motoci, har a sake nazari.

Wannan kuka ya shafi jama'ar Arewa kai tsaye. Duk wanda ya san Titin Kano da gidan Oko-Baba a Ebute Metta ya san yawan makafi da guragu da kutare 'yan Arewa da ke zaune a Ikko, wasu da ɗan jagora, wasu da sanda kaɗai, wasu a kan ɗan katako mai taya wanda direban babbar mota ba ya ko hango shi. Ga kuma tsofaffi da kurame da ƙananan yara, waɗanda ba za su iya ciniki da mai gingimari ta hanyar ido ba. Saboda haka darasin Ingila a bayyane yake: ko a titin gamayya lalle a bar tsiri a kowane gefe wanda mota ba ta hawa ko kaɗan, mai gaɓar da sanda za ta taɓa, da gangara a mashiga domin keken guragu, da wurin ratsawa sananne. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Tun da wasu sun riga sun yi kuskuren da kuɗinsu, babu dalilin maimaita shi a nan.

Haka kuma dabarar ba ta kowace hanya ba ce. Monderman da kansa ya bambanta babbar hanya, wadda aka yi domin gudu kuma take bukatar alluna da shingaye, da titin cikin gari, wanda yake wurin zaman mutane. Babu mai hankalin da zai ce a cire shinge a hanyar Ikorodu ko ta Apapa zuwa Oshodi a saki mutane cikin tireloli. A can abin da ake bukata shi ne gadojin ƙafa masu fitila da tsaro, a daidai inda mutane suke ratsawa. Wurin titin gamayya shi ne cikin kasuwa da kewayenta, da ƙofar makaranta da masallaci da coci da asibiti, da lungunan unguwanni irin su Sabo ta Badun, wadda aka kafa tun 1916, zamanin da ƙafa da keke su ne abin hawan kowa.

Kada kuma a ce wannan abu sai Turai. A Nairobi ta ƙasar Kenya an sake fasalin titin Luthuli a 2019, titin 'yan kasuwar kayan lantarki mai cunkoso irin na Idumota, aka mai da shi hannu ɗaya, aka faɗaɗa wurin masu ƙafa, aka fitar da layin keke, aka dasa itatuwa. A Ikko ma hukumar sufuri ta LAMATA ta fito da takardar manufa a kan masu ƙafa da masu keke tun 2018. Abin da ya rage shi ne takarda ta sauko ƙasa. Masu cewa mutanen ƙasar nan ba sa canza hali a kan hanya kuwa, sai su tuna ranar 2 ga Afrilu 1972, ranar da Nijeriya baki ɗaya ta bar tuƙi ta hannun hagu ta koma dama. An yi wa jama'a bayani a rediyo da jaridu da tashoshin mota, aka shirya, aka kuma yi.

ABIN DA YA KAMATA A NEMA

Da farko, a rufe lambatu. Murfin siminti a kan magudanar ruwa ta kowane gefe yana ba mai ƙafa hanya ba tare da an rushe rumfar kowa ba, kuma shi ne aiki mafi arha a cikin duka. Na biyu, a tsai da gudu a kilomita 20 a cikin kasuwa, 30 a cikin unguwa, a kuma gina wannan iyaka a jikin titin da bulo da tudu da matsatsin mashiga, yadda ba sai an jira jami'i ba. Na uku, a rubuta a doka cewa a waɗannan wurare mai ƙafa ke da fifiko, kuma in an yi karo mai inji ne zai fara ba da bayani. Na huɗu, a sa wa manyan motocin da ke kawo tumatir da albasa da shanu daga Arewa lokacin shiga da wurin sauke kaya, da dare ko da asuba, domin kada tirela da 'yan makaranta su haɗu a ƙofa guda. Na biyar, a shata wa masu tebur da masu kura da masu baro wurinsu da fenti, a ba su lamba, su biya abin da aka ƙayyade da rasit, maimakon kuɗin da 'yan tasha suke karɓa kullum ba tare da takarda ba. Na shida, kafin a zana kome a zauna da masu amfani da titin, har da Sarkin Makafi da shugaban guragu, a bi titin da su a ƙasa daga wannan kai zuwa wancan.

Yawancin waɗannan tituna na ƙananan hukumomi ne da na jiha, watau masu yanke shawara a kansu kansiloli ne da shugabannin majalisa da 'yan majalisar jiha, waɗanda kan zo Agege da Sabo neman ƙuri'a duk lokacin zaɓe. Ya kamata Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa da ƙungiyoyin direbobi da rassan jam'iyya na unguwanni su shirya bukatarsu a rubuce, da sunan titi da tsawonsa da abin da ake so a yi masa, su miƙa wa duk ɗan takarar da ya zo, su kuma bi sawu bayan zaɓe. Kuma kada su tafi su kaɗai. 'Yar kasuwa Bayarabiya da mai shagon kayan gyara Inyamuri gudun mota ɗaya ke razana 'ya'yansu, lambatu ɗaya suke tsallakawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma bukatar da ta fito daga bakin kasuwa gaba ɗaya ta fi wuyar turewa a kan wadda za a ce ta baƙi ce.

Sa'an nan mai neman haƙƙi lalle ya sauke nasa nauyin. Ɗan acaɓan da ke bin hannun da ba nasa ba, ko ya hau inda mutane suke tafiya yana danna oda, shi ma mai ƙarfi ne yana danne mai rauni, kuma laifinsa a kan dukan 'yan'uwansa yake faɗawa. Mai kayan gwari da ya baje buhuna har tsakiyar hanya, da mai kurar da ya tsaya hira a mashiga, da direban tirela da ya kwana a bakin makaranta, duk sun ci haƙƙin hanya. Ko sahun Juma'a da kan fito har kan kwalta ya kamata kwamitin masallaci ya shirya shi da hukuma da maƙwabta, a san lokacin rufewa da na buɗewa, a bar mafita domin motar asibiti. Shugabannin al'umma su ne za su fara tsawatar wa nasu, kafin wani ya zo ya tsawatar da kulki.

Biranen Kudu za su ci gaba da cika, mutanen Arewa kuma za su ci gaba da sauka a Ojota da Ojoo da Upper Iweka da 'yar jakarsu suna neman halali. Titin kasuwa ba zai ƙara faɗi ba, sai dai a ƙara masa tsari. Kuɗin da ake kashewa a kan kilomita guda ta gadar sama zai rufe lambatu ya shimfiɗa bulo a lunguna masu yawa, kuma waɗanda za su amfana su ne masu tashi tun asuba su ɗauko wa gari ruwansa da abincinsa. Lokaci ya yi da za a tuna da su a ofishin da ake zana titi. Allah Ya ba shugabanni ikon yin adalci, Ya kai kowa gidansa lafiya.